Sanƙo, Amosani da Ƙurajen Ƙeya: Amsoshin Tambayoyinku

Yawancin wasiƙun wannan karon daga maza suke, kuma duk kan kai suke magana. Wani goshinsa na ja da baya, wani amosani ya hana shi sa riga mai duhu, wani kuma ƙuraje sun cika masa ƙeya. Mun haɗa masu kama da juna wuri ɗaya. Abin da ya fi damunmu a cikinsu shi ne, sau da yawa mutum ya riga ya sayi magani kafin ya san abin da ke damunsa. Zubewar gashi iri-iri ce. Akwai wadda ke tsayawa da kanta, akwai wadda magani ke riƙe ta muddin ana amfani da shi, akwai kuma wadda ke kashe saiwar gashi ta bar tabo, kuma ita wannan ba ta jira.

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 27. Kullum na taje kaina sai in ga gashi a mataji, kuma gefen goshina biyu sun fara shigewa ciki. Sanƙo ne ya kama ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abu biyu ka faɗa, na biyun ne ya fi ɗaukar hankalinmu. Gashin da kake gani a mataji zai iya zama ba komai ba. Kan mutum na ɗauke da silin gashi kusan 100,000, kowane sili da nasa wa'adin. Yakan yi shekara 2 zuwa 6 yana tsawo, kimanin santimita ɗaya a wata, sai ya yi mako 2 zuwa 3 yana tsayawa, ya huta wata 3, sannan ya faɗi sabo ya fito ta ramin da ya bari. Saboda haka lafiyayyen kai ma yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana.

Shi sanƙo na gado da ramewar gashi yake farawa. Ka tsaya gaban madubi a wuri mai haske, ka duba gashin gefen goshinka da kyau, sannan ka kwatanta shi da na ƙeyarka. A ƙeya za ka ga kaurin silin duk ɗaya ne. Idan a goshi ka ga sun cakuɗa, wasu masu kauri, wasu sirara gajeru kamar gashin hannu, launinsu ya koɗe, to wannan ita ce shaidar sanƙo.

Ga yadda abin ke faruwa. Akwai wani sinadari a fata mai suna 5-alpha reductase, shi ke juya testosteron, sinadarin mazantaka, ya koma DHT. Wanda ya gaji sanƙo, saiwoyin gashinsa na goshi da tsakar kai ba sa jure wa DHT. Duk zagayen da gashin ya yi, lokacin tsawonsa sai ya ragu, silin ya ƙara sirancewa, har ramin ya daina fitar da abin da ido zai gani. Saiwoyin ƙeya da na saman kunne kuwa DHT ba ya yi musu haka, shi ya sa za ka ga dattijo mai sanƙo tal amma gashi ya zagaye masa kai ta baya. Tun 1942 wani masani a Amurka, James Hamilton, ya nuna cewa mazan da suka rasa 'ya'yan marainansu kafin balaga ba sa yin sanƙo, ko da danginsu duk masu sanƙo ne. Wannan ba ya nufin mai sanƙo ya fi sauran maza yawan testosteron. Bambancin yana ga saiwar gashin. Kusan rabin maza kan sami wani mataki nasa kafin su cika shekara 50, kuma ya fi yawa a cikin Turawa.

Sai dai ka sani, goshin saurayi yakan ɗan ja baya kimanin santimita ɗaya bayan balaga, ya tsaya nan. Hanyar bambancewa ita ce hoto. Ka ɗauka guda huɗu, gaba da gefe biyu da sama, cikin haske iri ɗaya, gashin a tsawo iri ɗaya, ka maimaita duk wata 3. Madubi na kullum ba ya nuna canjin da ke tafiya a hankali. Idan hotunan sun nuna abin na ci gaba, ka ga likitan fata tun yanzu, domin maganin da ake da shi ya fi iya riƙe gashin da ke nan a kan dawo da wanda ya tafi.

Tambaya: Mahaifina ba shi da sanƙo, amma kakana na wajen uwa yana da shi. Abokaina kuma na cewa hula ce ke ci min gashi, wai in riƙa aske kai ƙwal zai fito da kauri.

Amsa: Maganar kakanka tana da tushe. Ɗaya daga cikin manyan ƙwayoyin gadon da ke da hannu a sanƙo tana kan kuromosom X, wanda namiji ke karɓowa daga mahaifiyarsa. Amma akwai wasu da yawa da ake gada ta ɓangaren uwa da na uba duka, don haka ka duba baffanni da kawunnai gaba ɗaya.

Hula ba ta kawo sanƙo. Saiwar gashi daga jini take samun abinci da iskar da take bukata. Laifin hula biyu ne kawai: idan ta matse tana gogar wuri ɗaya kullum, ko kuma ta jiƙe da gumi ba a wanke ta, ta tayar da amosani da ƙuraje. Aski ma ba ya ƙara kauri ko yawa. Mildred Trotter ta auna wannan tun 1928, ba ta ga wani canji ba. Silin da bai taɓa ganin aska ba bakinsa tsini ne, wanda aka yanke kuwa bakinsa dakakke ne, shi ya sa yake kama da mai kauri in ya fara fitowa.

Tambaya: Na fara shafa minoxidil mako 3 da suka wuce, sai ga shi zubar ta ninka. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan? In daina?

Amsa: Kada ka daina, Malam. Wannan zubar sananniya ce, takan zo tsakanin mako na 2 da na 8. Maganin yana tayar da saiwoyin da ke hutu, sabon gashi ya tunkuɗo tsohon da dama faɗuwa zai yi. Da yawa a nan suke ajiye kwalbar, su yi asarar kuɗinsu da lokacinsu.

Asalin minoxidil ƙwayar hawan jini ce. An lura masu shan ta gashi na fito musu, sai aka yi na shafawa, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1988. Wanda maza ke amfani da shi shi ne mai ƙarfin kashi 5 cikin 100. Idan na ruwa ne, mililita 1 da safe, 1 da dare. Idan na kumfa ne, rabin murfin gwangwanin kowane lokaci. Kan ya zama busasshe. Ka buɗa gashin ka ɗiga a kan fata, domin wanda ya tsaya a gashi ya tafi a banza, ka baza da yatsa, ka wanke hannu. Kada ruwa ya taɓa kan sai bayan awa 4. Na dare kuwa ka shafa awa 2 kafin ka kwanta, in ba haka ba matashi zai kwashe ya shafa maka a kumatu, gashi ya fito inda ba ka nema ba.

Kurakuran da aka fi yi su ne ƙara adadi don a ga sakamako da wuri, da shafawa a kan fatar da aka yi wa aska yanzu ko mai rauni. Dukansu suna sa maganin ya shiga jini fiye da kima. Alamar hakan bugun zuciya da sauri, jiri, ko kumburin ƙafa. Wanda ya ji haka ya dakata ya ga likita, mai ciwon zuciya kuwa kada ya fara sai da izini. Idan ƙaiƙayi da ɓarewar fata ne suka dame ka, galibi wani ruwa ne da ake haɗa maganin da shi, propylene glycol, kuma na kumfa ba shi da shi, sai ka koma can. Mai kyanwa a gida ya kiyaye sosai, ɗan kaɗan na wannan magani yana iya kashe ta.

Za ka fara ganin gashi mai laushi a wata na 3 ko na 4, amma ba a yanke hukunci sai an yi wata 6 zuwa shekara. Ya fi aiki a tsakar kai da kuma sanƙon da bai daɗe ba. Akwai waɗanda ba ya yi musu komai, saboda sai fata ta sarrafa shi kafin ya yi aiki, kuma fatar kowa da ƙarfin sarrafawarta. Abin da ya kamata ka sani tun yanzu shi ne ranar da ka daina, cikin wata 3 zuwa 6 gashin da ya riƙe maka zai zube.

Tambaya: Shekarata 34, ina da aure, muna neman haihuwa ta biyu. An ce min finasteride ya fi komai aiki, amma na ji yana raunana namiji. Mene ne gaskiya?

Amsa: Allah ya kawo masu albarka. Dukkan maganganun biyu akwai gaskiya a ciki. Finasteride yana toshe sinadarin nan da ke samar da DHT, ya rage shi a jini da kusan kashi 70 cikin 100. Ke nan shi ne ke zuwa ga tushen matsalar. An fara ba da shi a 1992 don kumburin furostet, wani ƙullutun nama da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, a miligiram 5, sannan a 1997 aka amince da miligiram 1 a rana don sanƙo. A gwajin shekara 2 da aka yi, sama da mutum 8 cikin 10 na masu shan sa gashinsu bai ƙara raguwa ba, wasu ma ya ƙaru.

Game da abin da kake tsoro, a waɗancan gwaje-gwajen kusan mutum 4 cikin 100 sun yi ƙorafin raguwar sha'awa, ko raunin gaba, ko ƙarancin maniyyi. Cikin waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta, kusan 2 cikin 100 su ma sun yi irin wannan ƙorafi. Yawanci abin kan wuce in an daina sha, amma akwai mazan da suka ce nasu ya ci gaba bayan sun daina, kuma ba daidai ba ne a yi watsi da kukansu. Haka nan a 2025 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta tabbatar da cewa tunanin kashe kai yana cikin illolin da ka iya biyo bayan shan sa. Duk wanda ya taɓa fama da ciwon damuwa ya faɗa wa likita kafin ya fara, wanda kuma ya ji yanayinsa ya sauya bayan ya fara, ya daina nan take ya koma asibiti.

A halin da kake ciki, shawararmu ita ce ka jinkirta. Maganin yana rage yawan ƙwayoyin maniyyi ga wasu maza, musamman waɗanda dama nasu bai cika ba, kodayake yakan dawo in an daina. Ka riƙe minoxidil har a samu rabo, sannan ku tattauna da likita. In ka fara daga baya, ka kiyaye abu uku. Mace mai ciki kada ta taɓa ƙwayar da ta fashe ko aka niƙa, domin tana iya shafar halittar al'aurar ɗa namiji a ciki. Ba a ba da gudummawar jini sai an yi wata ɗaya da dainawa. Sannan yana rage sakamakon gwajin PSA na furostet da kusan rabi, don haka duk likitan da zai yi maka wannan gwaji ya san kana sha. Mu ƙara da cewa sanƙo ba ya cutar da lafiya, wanda ya zaɓi ya bar shi bai yi sakaci ba.

Tambaya: Maigidana ya yi zazzaɓi mai tsanani har ya kwanta asibiti. Ya warke sarai, amma bayan wata 3 gashinsa na zuba ta ko'ina, matashinsa duk gashi.

Amsa: Allah ya ƙara masa lafiya, 'yar'uwa, ki kwantar da hankalinki. Lokacin da jiki ya shiga wahala, irin zazzaɓi mai zafi, tiyata, ramewa da sauri ko babban tashin hankali, saiwoyi da yawa kan tafi hutu lokaci ɗaya. Tunda hutun wata 3 ne, zubar ba ta bayyana sai mutum ya warke har ya manta da ciwon. Ki ɗauki sili ɗaya ki duba gindinsa, za ki ga ɗan farin ƙullutu kamar ƙwayar yashi. Wannan alamar gashin da ya gama hutu ne, saiwar tana nan da ranta. Zubar kan tsaya cikin wata 6, kan kuma ya cika a hankali, yana iya kai wa shekara.

Idan ta wuce wata 6, a auna jininsa a duba sinadarin ƙarfe da aikin tayirod, wani ƙullutu a gaban wuya mai daidaita kuzarin jiki, a kuma nuna wa likita duk magungunan da yake sha. Namiji babba da aka samu da ƙarancin sinadarin ƙarfe, ba a tsayawa ga ba shi ƙwayar ƙarin jini, sai an nemi inda yake zubar da jinin, ko gyambon ciki ne ko hanji. Ƙwayoyin biotin da ake tallatawa don gashi kuwa ba su da amfani ga wanda ba ya da ƙarancinsa, kuma suna ɓata sakamakon gwajin tayirod da gwajin jini na gano ciwon zuciya. Yawan shan bitamin A shi kansa yana zubar da gashi.

Tambaya: Mai aski ne ya nuna min wani fili a kaina, zagayayye kamar kwabo, babu gashi ko ɗaya. Yanzu wani ya fito a gemuna. Ƙora ce?

Amsa: Ka sa yatsa ka shafa wurin, ka kuma sa wani ya duba maka da tocila. Idan fatar sumul take, babu ɓawo, babu ƙaiƙayi, launinta bai canza ba, to mai yiwuwa alopecia areata ce, wato garkuwar jiki ce ta juya kan saiwar gashi. A bakin filin akan ga gajerun sili masu kauri ta sama, sirara ta gindi, wasu masu cutar kuma faratansu kan yi 'yan ramuka kamar an sossoka allura. Ba a ɗaukar ta daga wani, kuma takan sami kusan mutum 2 cikin 100 a tsawon rayuwa. Saiwar ba ta mutuwa. Mai fili ɗaya ko biyu sau da yawa gashin kan dawo da kansa cikin shekara, ya fara fitowa fari kafin ya yi baƙi. Likitan fata kan hanzarta shi da allurar triamcinolone a cikin fatar wurin duk mako 4 zuwa 6. Ga wanda ta cinye masa rabin kai ko fiye, akwai ƙwayar baricitinib da aka amince da ita a Amurka a 2022, sai dai tana bukatar gwajin jini da sa idon likita. Kada ka goga tafarnuwa ko wani abu mai ƙuna a wurin, ƙunar ce za ta bar tabon da cutar ba ta bari ba.

Ƙora kamanninta daban ne. Wurin yana da ɓawo fari-fari, yana ƙaiƙayi, gashin ya kakkarye daidai fata ya bar baƙaƙen ɗigo, wani lokaci da kaluluwa a wuya. Ta fi kama yara, amma manya ma suna ɗauka ta mataji, kilifa, tawul da matashi. Ƙwayar cutar tana cikin silin gashin har ƙasa, inda man shafawa ba ya kaiwa, don haka sai an sha magani: terbinafine na mako 4 ko fiye, ko griseofulvin na mako 6 zuwa 8, gwargwadon abin da likita ya gani. A duba yaran gida, a wanke kayan kwanciya da ruwan zafi. Man nan masu haɗe da sitiroyid suna kwantar da ƙaiƙayi, ita kuwa cutar ta samu damar bazuwa. Idan wurin ya kumbura yana tsatstsafar da ruwa kamar maruru, kada a tsaga, a tafi asibiti da wuri don yana barin tabo. In kuwa filayen ƙanana ne birjik kamar asu ya ci tufafi, a yi gwajin tunjere.

Tambaya: Amosani ya addabe ni. Kullum ina shafa mai don kada kan ya bushe, amma abin sai ƙaruwa yake. Shin shi ke sa gashina raguwa?

Amsa: Man da kake shafawa yana cikin abin da ke ƙara shi. Amosani yana da alaƙa da wata ƙwayar halitta dangin yis mai suna Malassezia, wadda ke zaune a fatar kowa tana cin maiƙo. Abin da take bari bayan ta ci shi ke fusata fatar wasu mutane, sai fatar ta riƙa sabuntawa da gaggawa tana zubar da ɓawo. Irin su man zaitun abinci ne a wurinta, har a ɗakin gwaji da shi ake kiwonta.

Ka nemi sabulun wanke kai na ruwa mai ketoconazole kashi 2 cikin 100, ko mai selenium sulfide. Ka jiƙa kai, ka cuɗa shi a kan fata da tafin yatsu ba da farce ba, ka bar shi minti 3 zuwa 5 kafin ka ɗauraye. Wannan jiran shi ne aikin, wanda ya shafa ya wanke nan take bai yi komai ba. Sau 2 a mako na tsawon mako 2 zuwa 4, daga nan sau ɗaya duk mako ɗaya ko biyu, domin amosani lafawa yake, yakan dawo in an saki. Ka haɗa da gira, gefen hanci, bayan kunne da gemu idan su ma suna ɓawo. Waɗannan sabulai suna busar da gashi, musamman mai murɗiya, saboda haka in za ka sa mai, ka sa kaɗan a tafin hannu ka shafi gashin, ka ƙyale fatar.

Amosani ba ya kawo sanƙo, amma susa da farce tana karya gashi, kumburin fata kuma yana ƙara zuba. Idan mako 4 ya wuce babu sauƙi, ko ɓawon mai kauri ne ya zarce iyakar gashi zuwa goshi, akwai irinsa a gwiwar hannu da ta ƙafa, to ana zargin wata cutar fata mai suna soriyasis, maganinta daban ne.

Tambaya: Shekara 2 ke nan ƙuraje masu tauri suna fito min a ƙeya bayan aski. Suna ƙaiƙayi, wani lokaci da mugunya, yanzu wasu sun fara haɗewa. An ce dattin kilifa ne.

Amsa: Ɗan'uwa, a cikin duk wasiƙun nan taka ce muka fi so a yi wa gaggawa. Abin da ka kwatanta ya yi kama da acne keloidalis nuchae, kuma ya fi samun maza masu murɗaɗɗen gashi. Datti zai iya ƙara shi, amma tushensa kumburin ramin gashi ne. Idan aka yi aski har fata, ko aka zana layin ƙeya da reza, gajeren silin mai kaifi kan lanƙwasa ya soki fata, ga kuma gogar wuyan riga ko hular kwano. Ramin ya kumbura ya fashe a ciki, gutsuren gashi ya tsaya cikin nama, jiki ya kewaye shi da tabo. Da tafiya ta yi tafiya ƙurajen kan haɗe su zama tudu mai sheƙi, da sili uku ko biyar suna fitowa ta rami ɗaya kamar burushi. Duk inda ya kai haka, gashi ba ya sake fitowa.

Daga yau ka daina sa reza a ƙeya. Ka ce wa mai aski ya sa wa kilifa takalminta na lamba 1 ko 2, wato ya bar milimita 3 zuwa 6, kuma kada ya danna bakinta a fata. Ka guji riga mai taurin wuya. Kada ka matsa, kada ka tsokale da allura, kada kuma ka yarda a yanke ko a ƙona maka su a wajen asibiti, don fatar da ke yin irin wannan tabo takan mayar da wanda ya fi na da girma. Ka riƙa wanke wurin da sabulun benzoyl peroxide ko chlorhexidine, amma ka sani na farkon yana koɗar da launin tawul da riga.

Sauran aikin na likitan fata ne. A matakin farko akan ba da man clobetasol da na clindamycin. In akwai mugunya a ƙara da ƙwayar doxycycline na wasu makonni ko watanni, wadda ake sha da ruwa cikin kofi, ba a kwanciya sai bayan rabin awa don kada ta ƙona maƙoshi. Masu tauri akan yi musu allurar sitiroyid wata-wata. Akwai kuma na'urar leza da ke kashe gashin wurin, sai tiyata ga tudun da ya girma.

Game da kilifa, abin da ya fi shi ne ka mallaki taka ka riƙa zuwa da ita. Bayan kowane aski a share gashin da ya maƙale da burushi, a goge bakin da ruwan sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, a bar shi ya bushe. Reza kuwa sabuwa kowane lokaci. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya yin kwana 7 da ranta a busasshen jinin da ido ba ya gani.

Tambaya: Shekarata 23, goshina ya tafi. Ina tara kuɗi in je Turkiyya a yi min dashen gashi. Yana ɗorewa?

Amsa: Gashin da aka dasa yana ɗorewa, saboda daga ƙeya ake ciro shi kuma yana tafiya da halinsa na can, abin da likita Norman Orentreich ya bayyana a 1959. Ana ciro shi ne ko dai a yanki siririyar fata a rarraba, ko a riƙa haƙo saiwoyin ɗaya bayan ɗaya, kowane ƙulli da sili 1 zuwa 4. Dashe ba ya ƙara yawan gashin kai, wuri kawai yake sauya masa, kuma abin da ke ƙeya yana da iyaka.

A shekara 23 sanƙonka bai gama nuna inda zai tsaya ba. In aka cika maka goshi yau, na bayansa ya ci gaba da zuba, nan da 'yan shekaru za ka zauna da tsibirin gashi a gaba da fili a bayansa, ajiyar ƙeya kuma ta ragu. Ka fara da magani na aƙalla shekara ɗaya a ga ko zubar ta tsaya. In lokacin ya yi, ka tambayi wanda zai riƙe kayan aikin da hannunsa, likita ne ko ma'aikaci, da kuma ko ya saba da murɗaɗɗen gashi, domin saiwarsa a lanƙwashe take a cikin fata, wanda bai saba ba yakan yanke ta wajen cirowa. Mai fatar da ke yin tudun tabo, ko mai ƙurajen ƙeya, ya faɗa tun farko. Bayan dashen, silin kan zube cikin 'yan makonni, sabo ya fara fitowa a wata na 3 ko na 4, cikarsa sai shekara ko shekara da rabi.

Tambaya: Ni dai na haƙura, aske kaina nake yi ƙwal. Akwai wata kulawa da nake bukata?

Amsa: Akwai, Yallaɓai, amma kaɗan ce. Ka jiƙa kai da ruwan ɗumi kafin aski, ka bi inda gashin ya kwanta, kada ka maimaita reza wuri ɗaya. Ka ci gaba da wanke kai kamar da, don maiƙo da amosani ba sa tafiya da gashi. Fatar da babu gashi rana na dukanta kai tsaye, sai ka rufe ta da hula ko ka shafa man kare rana mai lamba 30 ko sama, musamman in kai mai hasken fata ne ko zabiya. Duk wani gyambo ko ɓawo mai kaushi a tsakar kai da ya yi wata ɗaya bai warke ba, ko yake zubar da jini in an taɓa, a nuna wa likitan fata.